Baba na tauna goro, waya ta ce bugun zuciyarsa 57: me ke ruɗa kyamara?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ma'aikatan lafiya da masana kwamfuta da ke gidan nan ku fitar da ni daga duhu. Mahaifina shekararsa 74, yana da hawan jini, kuma likita ya ce mu riƙa lura da bugun zuciyarsa saboda sabon maganin da aka ƙara masa yakan rage shi. Ƙanena ya sauke mini wata manhaja a waya. Mutum zai kalli kyamarar gaba na rabin minti, sai ta faɗi bugun zuciyarsa, ba tare da an taɓa jikinsa ba. Na gwada a kaina da safe a tsakar gida ta ce 74, na ƙirga da hannu na samu 76, sai na sakankance da ita.

Jiya bayan isha'i na gwada wa Baba a falo. Karon farko ta ce 57. Gabana ya faɗi. Na sake, ta ce 116. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, tsakani ko minti 2 ba a yi ba. Da daren nan muka kai shi kemis, aka maƙala masa abin yatsa, wato na'urar awon da ake sa wa yatsa, aka samu 80, aka ƙirga da hannu, 80 ɗin dai. Har yanzu jikina bai daina rawa ba. Me ya sa ta yi daidai a kaina ta yi ƙarya a kansa?

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin kyauta da kika kai shi aka duba, ba ki tsaya kan maganar waya ba.

Injiniya Bashir:
Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Kafin in ce komai ina da tambayoyi. Wa ya riƙe wayar? Baba yana magana ko ya yi shiru? Wace irin fitila ce a falon, kuma ta ina take haska shi? Akwai fanka?

Maman Ilham:
Ni na riƙe ta a hannu. Magana kam yana yi jefi-jefi, don yara na shigowa gaishe shi. Kuma yana cin goro, ka san tsofaffinmu. Ƙwan sola ne guda ɗaya a sama, fankar sama na juyawa a ƙarƙashinsa.

Injiniya Bashir:
To ai ga amsar nan kin kawo da kanki. Bari in faro daga tushe, don sai an san abin da kyamarar ke nema kafin a gane abin da ke ɓatar da ita.

Duk bugun da zuciya ta yi, jini yakan ɗan ƙaru a ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, sannan ya ragu. Sinadarin hemogilobin da ke cikin jini yana shanye haske, musamman kore. Saboda haka idan jini ya cika, hasken da ke dawowa daga fuska yakan ɗan ragu, idan ya janye hasken ya ɗan ƙaru. Fuskar kowannenmu tana sauya launi da kowane bugu, ido ne kawai ba ya iya gani. Ilimin ba sabo ba ne, tun wajajen 1937 wani masani a Amurka, Alrick Hertzman, yake auna wannan da fitila da na'urar jin haske a jikin fata. Abin yatsan da aka sa wa Baba a kemis jikan wannan aikin ne. A 2008 ne Wim Verkruysse da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna cewa kyamarar gida ma za ta iya gano shi daga nesa, fiye da mita 1, da hasken ɗaki kawai, kuma sun ga cewa a launin kore alamar ta fi ƙarfi.

Matsalar ita ce ƙanƙantar abin. Kyamarar waya tana auna kowane launi da matakai 256. Sauyin da jini ke kawowa sau da yawa bai kai mataki 1 ba a ɗigo guda na hoto. Dole sai manhaja ta tattara dubban ɗigo na goshi da kumatu ta fitar da matsakaicinsu kafin alamar ta bayyana. Yanzu ki kwatanta da abin da ke faruwa idan mutum ya ɗan karkata kai. Kuncin da ke fuskantar fitila ya juya, inuwar hanci ta matsa, hasken wurin ya sauya da matakai masu yawa a lokaci guda. Kamar mai sauraron raɗa ne a kusa da injin markaɗe.

Goro kuwa shi ne babban wanda nake zargi. Manhajar tana neman duk wani abu da ke maimaita kansa tsakanin sau 40 da ɗoriya zuwa 240 a minti, don nan ne bugun zuciyar ɗan Adam ke faɗawa. Tauna ma maimaita kanta take yi, kuma a cikin wannan tazarar take. Muƙamuƙi na sauka yana hawa, fatar kunci na miƙewa tana tattarewa. Ki duba lambobinki: 57 da 116. Na biyun kusan ninki biyu ne na na farkon. Haka motsi mai maimaituwa yake, yakan bar sawu a ainihin saurinsa da kuma a ninkinsa. Ina kyautata zaton taunar Baba ta ƙirga miki, ba zuciyarsa ba.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Wato haƙoransa na auna. To fankar fa?

Injiniya Bashir:
Ita ma tana iya sa hannu. Idan fitila na samanta, fukafukanta na gifta haske suna jefa inuwa a fuska bi da bi. In tana juyawa a hankali, giftawar na iya faɗawa cikin tazarar da na faɗa. Sai kuma hannunki. Babu hannun da ke tsayawa cak, har numfashinki yana ɗaga wayar yana sauke ta.

Baba Tanko:
Ni fa yaran nan ban ga abin wahala ba. Allah ya ba mu yatsu. Ka ɗora biyu a wuyan hannu, ka dubi agogo. Shekara 31 na yi a ɗakin shan magani na ƙauye, ba wuta ba waya, ban taɓa rasa bugun mutum ba sai wanda rai ya yi wa halinsa. Me ya kai mu ga tambayar kyamara abin da hannu ke faɗa kyauta?

Sista Rabi:
Baba, ranka ya daɗe, a kan babba mai zaune gaskiyarka ce. Amma zo ka ga ɗakin bakwaini. Jaririn da aka haifa wata 7 fatarsa kamar takardar da ta jiƙe take. Mannen da muke liƙa masa a ƙirji don wayoyin awo, ranar cirewa wani lokaci da fatar yake tahowa. Na sha tsayawa ina jiƙa manne da auduga a hankali, uwar na kallona ta gilashi tana hawaye. Ga shi ba za ka tsaya da yatsa a kansa awa 24 ba, kuma duk buɗe kwalba ɗumi ne ke fita, ƙwayoyin cuta kuma na samun hanya. Ranar da aka samu kyamarar da za ta rataya a sama ta riƙa ƙirga bugun yaran nan ba tare da ta taɓa su ba, wallahi ni ce ta farko da za ta yi murna. Haka masu ƙuna, waɗanda babu inda za ka liƙa musu komai.

Baba Tanko:
To, wannan kam ban yi tunaninsa ba, 'yata. Allah ya yi miki albarka. A nan na yarda akwai buƙata.

Dokta Nasiru:
Sista ta faɗi inda amfanin yake, kuma an yi aiki a kai. Tawagar Farfesa Lionel Tarassenko a Jami'ar Oksfod ta sa kyamarori a kan jarirai a asibitin John Radcliffe, da kuma kan masu wankin ƙoda. Amma ku lura da irin mutanen da aka fara da su: mai wankin ƙoda yana kishingiɗe awa 4, bakwaini yana kwance a kwalba. Su ma ɗin idan jariri ya motsa, ko hannun ma'aikaciya ya shiga tsakani, ko aka ɗauke shi, alamar ɓacewa take yi, sai a ware wannan lokacin a ce babu awo.

Abin da ke damuna shi ne wannan: lokacin da na fi buƙatar sanin bugun maras lafiya shi ne lokacin da ba ya natsuwa. Mai zazzaɓi na karkarwa, mai haki na ɗaga kafaɗu, yaro na kuka yana fizge-fizge, mai naƙuda na juyi. Na'urar da ke aiki sai mutum ya natsu ta fi dacewa da mai lafiya. Shi ya sa ni shawarata ga Maman Ilham ta goge manhajar nan yau.

Zainab M.:
Dokta, da girmamawa, ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma a kan wannan nake aikin kammala karatuna. Masu bincike ba su naɗe hannu ba. A 2010 Ming-Zher Poh da Daniel McDuff da Rosalind Picard a jami'ar MIT ta Amurka sun yi amfani da kyamarar laftof, suka sa kwamfuta ta riƙa bin fuska, sannan ta rarrabe ja da kore da shuɗi ta tsamo bugun daga ciki. A 2013 Gerard de Haan da Vincent Jeanne na kamfanin Philips a Holan suka fito da dabarar da ake kira CHROM, suka gwada ta a kan mutum 117 a zaune, sannan a kan masu motsa jiki a keken da ba ya tafiya. A 2017 Wenjin Wang da su de Haan ɗin suka ƙara da wata dabarar da ake kira POS. Duk don motsi aka yi su.

Hikimar mai sauƙi ce. Idan ka karkata kai, haske yakan ƙaru ko ya ragu a dukkan launuka uku kusan tare. Jini kuwa ba haka yake yi ba, ya fi taɓa kore, ja kaɗan yake taɓawa. To idan ka haɗa launukan ta yadda abin da ya same su tare zai soke kansa, abin da ya rage shi ne na jini. Ba a duba yawan haske, sai a duba launinsa.

Auwalu Mai Hoto:
Malama Zainab, ni ban yi karatunku ba, amma shekara 12 ina ɗaukar bidiyon biki, kuma akwai abin da na sani game da fuska. Haske iri biyu ke dawowa daga gare ta. Akwai na fatar kanta, akwai kuma ƙyallin da ke kwanciya a goshi da tsinin hanci, wanda mai kwalliya ke bi da hoda tana kashewa. Ƙyallin nan ba launin mutum ba ne, launin fitila ne. Amarya ta ɗan juya, sai ka gan shi ya zame daga goshi ya koma kunci. A lokacin zafi kuwa, ga gumi ga man shafawa, fuska kamar madubi take zama. Shi ma lissafin naku yana soke shi?

Injiniya Bashir:
Malam Auwalu, ka taɓo ainihin wurin. Ƙyallin nan daga saman fata yake tsalle ya dawo, bai shiga ciki ba balle ya haɗu da jini, don haka babu labarin zuciya a cikinsa ko kaɗan. Wanda ya shiga ciki ya warwatsu ya fito shi ne mai ɗauke da saƙo. Dabarar CHROM da Zainab ta ambata an gina ta ne musamman don ta kawar da ƙyallin, amma bisa zaton cewa hasken fari ne, kuma launin fata ya bi wani ma'auni da suka ɗauka. Idan fitila ɗaya ce fara, abin na tafiya. Idan taga na gefe ɗaya, ƙwai mai ruwan ɗorawa na ɗaya gefen, ga talabijin na watso launuka, to juya kai kawai ya isa ya sauya launin fuska, ba yawan haske kaɗai ba. A nan lissafin ba zai bambance jini da juyi ba.

Sista Rabi:
To mu da muke kunna shuɗin haske a kan jarirai masu ciwon shawara fa? Kwana biyu, uku, jariri na ƙarƙashinsa.

Injiniya Bashir:
Sista, a nan zaton farin haske ya rushe gaba ɗaya. Sai an sake tsara abin don wannan yanayin, ko a koma ga hasken infrared da ido ba ya gani. Shi yana da amfani da dare, sai dai alamar jini a cikinsa ta fi ta kore rauni, don haka motsi ya fi saurin danne ta.

Auwalu Mai Hoto:
Akwai wani abu kuma. Kyamarar waya ba ta barin haske yadda yake. Da mutum ya matsa, ko wani mai farar riga ya wuce ta baya, sai ta gyara hasken da kanta, ta gyara launi. Mu a wurin aiki kulle waɗannan muke yi kafin mu fara. Kuma idan ana kan janareto, fitila na rawa, wani lokaci ido bai gani ba amma bidiyo ya nuna layi-layi na tafiya. Shi ya sa nake ɗauka a hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, don ya dace da wutarmu.

Injiniya Bashir:
Haka ne. Wutar Najeriya da ta Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna lumshewa sau 100. Idan kyamara na ɗaukar 25, kuma janareto ya ɗan zarce ya kai 50 da rabi, lumshewar ta zama 101, to a cikin bidiyon za ta fito kamar haske na hawa yana sauka sau 1 a daƙiƙa. Sau 60 ke nan a minti. Lambar da kowa zai gani ya ce alhamdulillahi lafiya lau. Mutanen Oksfod sun ci karo da irin wannan daga fitilun asibiti, maganin da suka yi shi ne su auna wani wuri a bayan maras lafiya, inda babu fata, duk abin da ya bayyana a can su cire shi daga na fuska.

Kabiru Ɗan Tsere:
Wannan ya warware mini wani abu. Agogon hannuna mai koren haske a ƙasa, idan na fara gudu da asuba, minti 3 ban yi ba sai ya nuna 170, alhali ko haki ban fara ba. Da na duba sai na ga takuna ma 170 ne a minti. Ashe ƙafata yake ƙirgawa.

Zainab M.:
Sosai ma, Yaya Kabiru, sanannen abu ne a wurin masu gudu. Kuma ka ga shi agogo a manne yake da fata, yana da fitilarsa, yana da na'urar jin motsi a ciki da ke taimaka masa, duk da haka ana ruɗa shi. Ina ga kyamarar da ke nesa, wadda ba ta da iko da hasken ɗaki.

Wani abin mamaki: ko mutum ya ƙame ƙam, kansa ba ya tsayawa. Duk lokacin da zuciya ta harba jini ta jijiyoyin wuya, kai yakan ɗan girgiza. A 2013 Guha Balakrishnan da abokan aikinsa a MIT sun ƙirga bugun zuciya daga wannan girgizar kaɗai, ba su duba launi ba sam, har da wanda ya rufe fuska. Wato akwai motsin da shi kansa bugun ne.

Dokta Nasiru:
To wannan ai taimako ne, ba matsala ba.

Zainab M.:
Idan lamba kawai kake so, e. Amma idan kana son taswirar yadda jini ke zagaya fata, misali a kan ƙuna ko dashen fata, yana iya yaudararka. Haske na zuwa daga gefe, fata na girgiza da bugu, inuwa na rawa daidai da bugun, sai ka ga kamar jini na kai-komo a wurin da ba shi ne ke kawo sauyin ba. Shi ya sa masu wannan aikin suke nacewa a kan haske mai laushi da ya game fuska ta ko'ina.

Amma ni fatana yana kan ƙirƙirarriyar basira. Tun 2018 da aka fito da wani tsari mai koyo daga bidiyo da ake kira DeepPhys ake horar da kwamfuta ta koyi bambanta motsi da jini da kanta. Ina ganin nan da 'yan shekaru maganar motsi za ta zama tarihi.

Injiniya Bashir:
Ƙanwata, a nan ne zan rabu da ke. Kwamfuta abin da aka nuna mata take koya. Da wane bidiyo kike horar da taki?

Zainab M.:
Da tarin bidiyon bincike da ake kira PURE na fara, Malam.

Injiniya Bashir:
Mutum nawa ne a ciki?

Zainab M.:
Mutum 10. A Ilmenau ta Jamus aka ɗauka a 2014. Yanayi 6 ne: zama shiru, magana, matsar da kai a hankali, matsar da shi da sauri, ƙaramin juyi, da matsakaicin juyi.

Injiniya Bashir:
Kin gani. Aiki ne mai kyau, kuma sun kyauta da suka ba duniya. Amma motsi ne na wanda aka ce wa yanzu juya, yanzu tsaya, a gaban taga, da kyamara a kafe. Babu tauna, babu jan carbi da leɓe na motsi, babu mai jijjiga goyo, babu hula ko mayafi da ya rufe goshi, babu gemu. Uwa uba, fata irin tamu ba ta da yawa a tarin bidiyoyin da aka fi amfani da su. Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana saman jijiyoyin, haske sai ya ratsa shi ya shiga, ya sake ratsa shi ya fito, kuma kore na cikin abin da yake shanyewa sosai. Alamar jinin ta ragu ke nan. Ƙyallin saman fata kuwa bai ragu ba, don shi bai shiga ciki ba. Don haka juyin kan da farar fata za ta jure, a baƙar fata yana iya binne bugun. A 2020 Ewa Nowara da McDuff da Ashok Veeraraghavan sun tattara sakamakon bincike da dama suka ga ingancin awon yana faɗuwa sosai a kan fata mafi duhu. Maganar motsi da maganar launin fata a wurinmu magana ɗaya ce.

Kabiru Ɗan Tsere:
Ai na ji an ce abin yatsan ma ƙarya yake yi a kan baƙar fata, lokacin korona aka gano. To da me za mu dogara?

Dokta Nasiru:
A'a Kabiru, kada mu cakuɗa. Binciken da kake nufi na Michael Sjoding ne da abokansa a Jami'ar Mishigan, ya fito a Disambar 2020. A kan iskar oksijin yake, ba bugun zuciya ba. Sun ga cewa cikin awon da na'urar yatsa ta nuna 92 zuwa 96, amma jinin jijiya ya nuna ƙasa da 88, abin ya faru a kashi 11.7 cikin 100 ga baƙaƙe, kashi 3.6 ga farare. Babbar magana ce, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a Fabrairun 2021. Amma lambar bugun da ke jikin na'urar abin dogaro ce idan yatsa na da ɗumi, babu lalle mai duhu ko jan farce, kuma hannu a natse yake. Ita ma a da motsi yana sa ta ihun ƙarya ba dare ba rana, sai a shekarun 1990 aka samu dabarun da suka rage hakan. Ban ce kyamara ba za ta kai nan ba. Cewa na yi ba ta kai ba tukuna, kuma ba a kan tsoho mai shan maganin zuciya za a yi gwaji ba.

Injiniya Bashir:
Dokta, mun kusa haɗuwa. Ni abin da ya fi ɓata mini rai a labarin Hajiya ba kuskuren ba ne, ƙarfin halin manhajar ne. Duk wanda ya rubuta irin wannan lissafin ya san yana da hanyar gane ko alamar tsaf take ko a dagule. Idan bugu na gaskiya ne, zai fito zaƙaƙurai sama da sauran hayaniya, kuma goshi da kumatu biyu za su yi ittifaƙi. Idan goshi ya ce 80, kunci ya ce 57, ga kuma fuska na ta motsi, wajibi ne ta rubuta cewa ban samu ba, a natsu a sake. Ita kuwa ta zaɓi ɗaya ta buga shi da manyan lambobi kamar ta tabbata. Da ta yi shiru, da Hajiya ta ɗora yatsa tun farko, da ba a fita da dattijo cikin dare ba.

Dokta Nasiru:
Kuma juya lamarin ka gani. A ce bugunsa ya sauka 42 da gaske saboda maganin, tauna ta ba da 70. Da an kwanta barci da kwanciyar hankali. Wannan ne ke hana ni sakewa da ita.

Zainab M.:
Na karɓi gyara, Malam. Gaskiya a aikina matsakaicin kuskure kawai nake aunawa, ban taɓa tunanin ƙirga sau nawa ya kamata ta ƙi ba da amsa ba. Zan kai wa malamina wannan. Kuma ina so in ɗauki bidiyon mutanenmu, da izininsu, da abin yatsa a hannu don kwatantawa. Wa zai taimaka ya turo mini?

Injiniya Bashir:
Kada a turo ta WhatsApp. Matse bidiyo yake yi don ya rage nauyi, kuma irin ƙananan sauye-sauyen launin da ido ba ya gani su ake fara zubarwa, su kuma kike nema. Inda motsi ya yi yawa matsewar ta fi ɓarna. Ki ɗauka da kanki, ki kwashe ta kebul. Sannan ki nemi amincewar kwamitin ɗa'a na makarantarku kafin ki fara, fuskar mutum da lafiyarsa amana ce.

Auwalu Mai Hoto:
Malama Zainab, ina da ƙafar kyamara da fitila mai laima. Ranar da ba ni da biki zan zo in kafa miki, in kulle haske da launi, kyauta.

Dokta Nasiru:
Maman Ilham, ga abin da za ki riƙa yi. Baba ya zauna ya huta minti 5. Ki ɗora manuniya da ta tsakiya a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, kada ki sa babban yatsanki don shi ma yana da bugu. Ki ƙirga cikakken minti 1, ba daƙiƙa 15 ki ninka ba, saboda a shekarunsa ina son ki ji ko bugun na tafiya daidai ko yana tsallake. Wannan yatsa na jin sa, lamba ɗaya a fuskar waya kuwa ɓoye shi take yi. Ki rubuta a littafi safe da yamma, ki tafi da shi ranar ganin likita. Babba a zaune yawanci 60 zuwa 100 ne, mai shan irin maganinsa yana iya ɗan yin ƙasa, likitansa zai faɗa miki iyakar da ya yarda da ita. Idan ya yi jiri, ko ya suma, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi ya yi wuya, kada ki tsaya ƙirga komai, asibiti kai tsaye.

Baba Tanko:
Ki kuma koya wa ƙanen naki da manyan jikokin. Ranar da ba kya nan wani ya iya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da hantsi na ce sai na ga abin da idona. Na zaunar da Baba yana fuskantar ƙofa, inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, na kashe fanka, na jingina wayar da gwangwanin madara a kan teburi. Na roƙe shi ya ajiye goro ya yi shiru. Ta ce 79. Na ƙirga minti guda kamar yadda Dokta ya ce, na samu 80. Sai na ce ya ɓantari goron ya ci yadda ya saba, ban taɓa komai ba. Ta ce 61. Yatsana na kan hannunsa a lokacin, bugun bai sauya ba.

Na sayi littafi na fara rubutawa, kuma ƙanena zai sayo abin yatsa gobe in sha Allahu. Zainab, Baba ya ce in gaya miki idan makarantarku ta amince, ki zo ki ɗauke shi da goron da kuma babu goron.

Sista Rabi:
Zainab, in kin tashi ki sa masu kuka a lissafinki. Jariri lafiyayye bugunsa 120 zuwa 160 ne, kuma idan ya fara kuka shure-shure yake yi. Ki same ni ta akwatin sirri in gaya miki sauran abubuwan da muke gani a ɗakin da dare.